Mugun Sarki da Albasar Danchadi

A cocinmu na Bodinga, ko ka ƙirga har da akuyar mai gadi da ke leƙowa ta taga, da ƙyar mu cika benci goma ranar Lahadi. Yawancinmu 'ya'yan ma'aikata ne, malaman makaranta da 'yan sanda da ma'aikatan asibiti, waɗanda aiki ya jefo iyayenmu nan suka haife mu, muka tashi da Sakkwatanci a baki har kakata ta Zuru takan ce in maimaita magana sau uku. Amma ƙarancinmu bai taɓa hana mu wasan Kirsimeti ba. Duk shekara mukan haɗu da 'yan cocin Shagari, waɗanda su benci huɗu ne, mu yi wasan haihuwar Almasihu sau biyu: ranar jajibiri a wurinsu, ranar Kirsimeti a wurinmu, da rana bayan sujada, don kowa ya koma gida kafin magariba.

Abu biyu muke taƙama da su a wasan nan. Na farko, ba ma kwantar da 'yar tsana a komin dabbobi. Jariri na gaske ake sawa, wanda ya fi kowa ƙanƙanta a cocin biyu. Na biyu kuwa albasa. Akwai wurin da Mugun Sarki yake ba da umarni a kashe jariran Baitalami, sai matan zumuntar coci su fito suna kururuwa da ƙunshin zane a hannu. Don hawayen su zubo sosai, sukan yanka albasa a bayan labule su goga a ƙasan ido. Kuma ba kowace albasa ba, sai ta fadamar Danchadi, wadda in aka yanka ta a cikin coci ɗan sandan da ke gadi a bakin ƙofa ma sai ya share ido.

Shekara tara Mamana ce shugabar masu kukan nan. Muryarta ce take fara tashi, sauran su bi. Abin mamaki, ita ce kuma ta fi kowa dariya a cocin. In Mama ta fashe da dariya a tsakar gida, kajin maƙwabta sukan watse.

Bara ina da shekara goma sha biyar, ni ne auta, sai ga Mama da ciki. Na ce mata wannan juyin mulki ne, kuma ba zan sauka ba tare da rikici ba. Malama, wadda take koya mana wasan, ma'aikaciyar jinya ce mai ba da umarni kamar tana soka allura. Ta tsaya a gaban coci ta ƙirga watanni da yatsu, ta ce, "Farkon Disamba. Ranar wasa yana da mako uku. Mun sami jariri." Kowa ya tafa, Mama ta rufe fuska da gyale tana dariya.

A ranar ce kuma aka ba ni Mugun Sarki. Shekara uku ina tunkiya, ina rarrafe da buhu a baya ina cewa "mee", sai ga ni a gadon sarauta. Malama ta ce ba don iyawata ba ne, don rawani ne kaɗai zai iya ɓoye kunnuwana. Gaskiya ne, kunnuwana manya ne. In na juya baya ga iska, tafiya takan yi mini sauƙi. A cocinmu Mugun Sarki shi ne ɗan ban dariya, shi ke da tumbi da tsawa da faɗuwa daga kujera. Mama ta ce bana ba za ta yi kuka ba, za ta zauna a bencin gaba ta miƙa jariri, sannan ta ga irin wannan sarautar tawa.

Jaririn ya zo a makon farko na Disamba, kamar yadda Malama ta ƙirga. Namiji. Numfashinsa bai yi daidai ba, aka wuce da su Sakkwato, Malama na cikin motar. Ya kwana biyu ya koma. Ni ban ma gan shi ba.

Mama ta dawo gida ta shiga ɗaki. Ba ta yi kuka ba, ko ɗigo. Masu zuwa gaisuwa suna fitowa suna cewa, "Kai, matar nan akwai bangaskiya." Ni da nake kwashe kwanukan na san abin da ake ciki. Matar telan da ke maƙwabtaka da mu takan aiko da kunu da safe, in mayar da shi da yamma ya yi sanyi, ludayin ko jiƙewa bai yi ba. Baba ya daina kunna rediyo. Gidan ya yi tsit har ina jin kunyar ƙarar taunata. Na gwada duk abin da na iya. Na shiga ɗakinta da tafiyar Fasto, na yi mata muryar mai tallan kifi, na faɗi da gangan a bakin ƙofa har gwiwata ta kumbura. Ta kalle ni yadda ake kallon bango.

Sai na ƙudura abu ɗaya a raina: in har ta zo coci ranar Kirsimeti ta gan ni da tumbi da rawani, za ta yi dariya. In ta yi dariya sau ɗaya, sauran mai sauƙi ne. Na durƙusa a gefen gadonta na ce, "Mama, za ki zo ko? Kin yi alkawari."

Ta ce, "Mu gani." Kalma biyu ke nan, kuma su ne mafi tsawon maganar da ta yi mini a makon.

Gwajin wasa bai tsaya ba. Kullum bayan makaranta, daga ƙarfe huɗu har rana ta yi ja. Ranar Asabar kuma mu tafi Shagari a bayan akori-kurar wani ɗan coci, wadda sauran kwanakin mako albasa take ɗauka, mu sauka muna wari kamar miyar da aka manta a kan wuta. Shafi goma sha huɗu Malama ta rubuta da hannunta, kuma ba ta yarda a canza ko wasali. In ka yi kuskure a shafi na goma, a koma na ɗaya. Akwai ranar da mala'ika ya yi shelar albishir sau goma sha bakwai, har ya zauna a ƙasa ya ce shi ya fasa, a nemi wani daga sama.

Ga kuma matsalar kowace shekara. Da an ba da hutu, iyalai sukan fara tafiya garuruwansu yin biki. Yau mai masauki ya tafi Zuru, gobe makiyayi ya tafi Kafanchan. Duk wanda ya tafi, sai Malama ta waiga ta ga wanda ya fi surutu. Haka na wayi gari ni ne mai masauki, ni ne makiyayi na biyu, ni ne Sarki. In kori matafiya daga ƙofa, in zagaya bayan labule in yafa bargo in zo in yi wa jaririnsu sujada, in sake zagayawa in naɗa rawani in ce a nemo mini shi. Abokina, wanda yake dogarina a wasan, ya ce a duk tarihin duniya ba a taɓa munafuki irina ba.

Maganar komin dabbobi kuwa ba wanda ya tayar. Babu wani jariri a cocin biyu. Wata rana kawai muka tarar da 'yar tsana a ciki, ta roba, mai ido ɗaya da ba ya rufuwa. Malama ta lulluɓe ta da farin zane ta ce, "Shafi na shida."

Kayan sarauta a wurin telan nan maƙwabcinmu na samo, a rumfarsa ta kasuwa. Dattijo ne Musulmi, tun ina tsirara ya san ni.

"Kai ɗan Malam, mi za ka yi da babbar riga?"

"Sarki zan zama, Baba."

"Sarkin ina? Ba mu ji an yi naɗi ba."

"Na wasan coci. Mugun sarki ne."

"To ai sai a yi mai tumbi. Ni dai ban taɓa ganin azzalumi da ɗan ciki awa naka ba."

Ya tattara ƙyallayen da ke ƙarƙashin kekensa ya cusa a wani tsohon buhu, ya ɗinka mini tumbi mai igiya biyu. Ya ara mini rigarsa ta Sallah da rawani. Yana gwada mini rawanin yana faɗa da kunnuwana, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ya jikin uwar taka?"

"Da sauƙi, Baba."

"Ta yi kuka?"

"A'a. Kowa na cewa ta yi haƙuri."

Ya saki bakin rawanin. Ya ce, "Allah shi ba ta lahiya." Ya koma kan kekensa.

Abin da ya hana ni sakewa yana shafi na goma sha ɗaya. Sarki zai miƙe ya ce, "Ku tafi Baitalami, duk jariri namiji da kuka samu, ku kashe." Sannan ya buga sandarsa a ƙasa, mata su fito da kuka. A watan Nuwamba nakan faɗe ta ina juya ido ina lasar baki, yara suna birgima don dariya. Yanzu in na zo wurin sai harshena ya yi nauyi. Na tsaya bayan an tashi gwaji na sami Malama tana naɗe labule.

"Malama, a cire shafi na sha ɗaya mana."

"A Littafi yake. Ni na sa shi?"

"Mama za ta zo."

Ta daina naɗin. Ta ce, "In na cire, kowa zai san dalili. Duk cocin nan za su juya su kalle ta. Kana son haka?"

"A'a."

"To ka faɗa da sauri, ka buga sanda, a wuce."

A Shagari haka na yi. Na faɗe ta kamar mai haɗiye maganin zazzaɓi. Ba wanda ya lura, don a daidai lokacin igiyar tumbina ɗaya ta tsinke, cikin ya koma baya, na zama Sarki mai doro. Aka yi dariya har wata tsohuwa ta nemi ruwa. Mama ba ta je ba. A mota muna dawowa kowa na waƙa, ni ina ɗaure igiya.

Ranar Kirsimeti gidanmu ba a ɗora tukunya ba. Shekarun baya tun da safe nake zagaya unguwa da kwanukan shinkafa, gidan tela, gidan mai shayi, gidan liman. Ranar kuwa murhu a sanyaye. Na tafi coci ban tambaye ta ba, don ina tsoron amsar. Sai da aka gama sujada, ina leƙe ta ɓular labule, na ga Baba ya shigo riƙe da hannunta. Ta rame har zanenta ya zagaya ta sau biyu. Ba ta je bencin gaba ba, ta zauna a na ƙarshe, kusa da ƙofa.

Na kori matafiya daga masauki. Na yafa bargo na durƙusa gaban 'yar tsana mai ido ɗaya a buɗe, ina satar kallon bencin baya. Mama na kallon komin, fuskarta ba ta motsa ba. Na zagaya, abokina ya ɗaura mini tumbi, ya naɗa mini rawani.

Ban taɓa wasa irin na ranar ba, kuma ba na jin zan sake. Na shigo da tumbi a gaba, sai da ya yi minti guda a dandamali kafin sauran jikina ya iso. Na zauna kujera ta kife. Na sa dogari ya yi mini fifita, na ce iskar ta yi zafi a canza wata. Da masanan gabas suka ce sun ga tauraro, na ce wa ya ba tauraro izinin fitowa a ƙasata ba tare da ya zo gaisuwa ba. Cocin ya ɗauka. Yaran unguwa da ke maƙale a tagogi suna ihu. Fasto ya cire tabarau yana share ido. Na dubi bencin baya, kuma na rantse gefen bakin Mama ya motsa. Kaɗan, kamar za ta ce wani abu. Amma ya motsa.

Sai ga shafi na goma sha ɗaya.

Na miƙe. Na buɗe baki. Na ce a kawo mini fura. Babu fura a rubutun Malama, amma dogari ya fita ya dawo da kwanon wofi, na shanye. Na ce a kira masanan su maimaita bayaninsu, aka ce sun tafi. Na kori dogari daga aiki, na sake ɗaukarsa. Na yi barci a tsaye har da minshari. Mutane suna ta dariya, sun ɗauka duk cikin shiri ne. Daga bayan labule ina jin Malama tana cewa, "Sha ɗaya! Sha ɗaya!" kamar mai kiran lambar marasa lafiya.

Abin da na manta shi ne matan zumunta sun riga sun goga albasa tun da na miƙe. Albasar Danchadi kuwa ba ta jiran kowa. Abokina ya rusuna kamar zai yi gaisuwa, ya ce a kunnena, "Don Allah ka faɗa, idon su Maman 'yan biyu zai tsiyaye."

Na sake duban Mama. Tana kallona kai tsaye, karo na farko cikin mako uku.

Na ce, "Ku tafi gida. Sarki ya gaji. A bar wa mutane 'ya'yansu."

Da a nan na tsaya, da wataƙila an wuce. Amma mako shida ina gama magana ina buga sanda, hannuna ya riga ya haddace. Na ji ƙarar sandar a kan katako kafin in san na buga. Matan da ke bayan labule ba maganata suke saurare ba, sanda suke jira. Suka ɓarko su shida, ido jajir, hawaye har haɓa, kowace da ƙunshin zane a ƙirji, suna kururuwa, "Wayyo ɗana! Wayyo ɗana!"

Wasu suka yi dariya, don Sarki ya yafe amma ga mata na kuka. Dariyar ba ta yi nisa ba. Wata murya ta taso daga bencin baya ta danne duk sauran. Kowa a cocin ya san muryar, shekara tara ita ke fara kukan nan. Amma wannan ba irin wanda muka sani ba ne. Ba shi da kalma, ba shi da tsari, daga can ƙasan ciki yake fitowa, yana yankewa yana dawowa. Mama ta zame daga benci ta durƙusa a ƙasa, Baba ya riƙe kafaɗunta, shi ma fuskarsa a jiƙe.

Matan da ke dandamali suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Maman 'yan biyu ce ta fara ajiye ƙunshinta, ta sauka, sauran suka bi ta. Suka zagaye Mama suka zauna a ƙasa, suka ci gaba da kukan tare da ita. Fasto ya miƙe, ya sake zama. Yaran tagogi suka sulale. Ba a yi wurin gudu da jariri zuwa Masar ba, ba a yi waƙar rufewa ba. Ni ina tsaye da sanda a hannu, da tumbin tsumma, cikin rigar Sallar wani, ina jin kamar ni na kashe shi da bakina ko da ban faɗa ba.

Na ɓuya a bayan coci, wurin tankin ruwa, har la'asar ta wuce. Malama ce ta same ni. Na jira allura. Ta miƙo mini 'yar tsanar ta ce in sa a kwali in rufe, ta ce in ninke rigar tela da kyau kada ta taɓa ƙasa. Ta juya za ta tafi, ta tsaya ta ce, "Je ka gida. Kada ka sa ta neme ka."

Na shiga gida a hankali. Mama na zaune a tabarma a tsakar gida, ba a ɗaki ba. Idanunta sun kumbura kamar an cije su. A gabanta akwai kwanon tuwo da matar tela ta aiko, an ci kusan rabi. Baba na gefe yana gyaran eriyar rediyon da bai kunna ba.

Ta ce, "Zo nan, Sarki." Muryarta ta dishe.

Na zo na durƙusa.

"Wa ya ɗinka maka tumbin nan?"

"Baba tela."

"A karkace yake tun da ka shigo."

Na jira dariya ta biyo baya. Ba ta zo ba. Ba ta zo ranar ba, ba ta zo a watan ba ma.

"Me ya sa ba ka faɗi maganarka ba?"

Na sunkuyar da kai.

"Da ka faɗa. Shekara tara ina tsaye bayan labule ina jiran maganar nan. Kana tsammani ban san inda take ba lokacin da na ɗaura zane na fito?"

Ta ɗauki rawanin daga hannuna ta ajiye a cinyarta. Sai ta miƙa hannu ta kama kunnena na dama, ba irin kamun da take yi in na yi laifi ba. Ta riƙe shi kawai tsakanin yatsu biyu.

Ta ce, "Irin naka ne da shi. Duka biyun. Da aka miƙo mini shi, su na fara gani."

Tun da suka dawo daga Sakkwato ba wanda ya yi maganarsa a gidan. Na lalubi abin ban dariya da zan faɗa, ni da ba na rasawa, ban samu ba. Na gyara zama a tabarmar. Ta ci gaba da ba ni labarinsa, na kwana biyun nan kaf, yadda yake dunƙule hannu, yadda ya yi atishawa sau ɗaya, har aka kira magariba a masallacin bayan gidanmu.